Dattijon da ke cin abinci shi kaɗai: a aika masa, a zauna da shi, ko a ɗauko shi gida?

Zoben da ya shekara talatin a yatsa ya fara juyawa da kansa. Haƙoran roba da suka zauna daram bara, bana suna motsi idan ana magana. A buɗe firji, sai a tarar da abincin da aka kawo shekaranjiya, an ɗebi cokali uku an mayar da murfi. Idan aka tambayi mai gidan zai ce ya ci, kuma ba ƙarya yake yi ba: ya sha shayi da burodi da safe, ya ƙara wani da yamma. Yawancin iyalai a wannan gaɓar suke farga cewa mahaifinsu ko mahaifiyarsu sun daɗe suna cin abinci su kaɗai, daga nan kuma sai shawara ta rabu. Wannan ya ce a riƙa aika dafaffe kullum, waccan ta ce a ɗauki mai kula, wancan ya ce a tattara kayansa a dawo da shi cikin iyali kowa ya huta.

Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da matsalar da take magancewa da wadda ba ta taɓawa ko kaɗan. Wanda ya zaɓa bai fara gano abin da ya hana dattijon ci ba, zai iya kashe kuɗi da ƙarfi na watanni yana dukan taiki, jaki na tsaye.

Me zama da mutane yake ƙara wa ci?

Tsufa da kansa yana rage cin abinci. Jin ƙanshi da ɗanɗano suna dushewa, abinci yana daɗewa a ciki kafin ya wuce, ƙoshi yana zuwa da wuri, ƙishirwa ma ba ta kiran mutum kamar da. Likitan tsofaffi John Morley na cikin waɗanda suka fara bayyana wannan a matsayin matsala mai zaman kanta tun 1988. Ma'anarsa ita ce yunwa ta daina zama ƙararrawar da za a dogara da ita. Saurayi idan ya tsallake abincin rana cikinsa zai tashe shi tsaye. Mai shekara tamanin zai iya wuni bai ji komai ba. Abin da ya rage yana tuna masa da ci shi ne lokaci, da ƙanshin girki, da ƙarar kwanuka, da wani ya ce masa bismillah. Cin abinci a kaɗaice yana kwashe waɗannan duka a lokaci guda.

An auna wannan tasirin. Masanin halayyar ɗan Adam John de Castro ya sa mutane a Amurka sun riƙa rubuta duk abin da suka ci da waɗanda suka ci tare, ya kuma wallafa a 1989 cewa abincin da aka ci da mutane ya fi wanda aka ci a kaɗaice yawa da kusan kashi 44 cikin 100. Babban dalili mai sauƙi ne: zaman yana tsawo, hannu yana komawa kwano. Wani nazari na 2019 da ya tattara binciken da aka yi a kan batun ya nuna cewa ƙarin yana fitowa ne idan ana ci da dangi da abokai, a gaban baƙo kuwa mutum kan kame hannu. A riƙe wannan, domin zai dawo idan mun zo kan mai kula na haya.

Binciken da ya fi shafar zaɓin da ke gabanmu shi ne na Julie Locher da abokan aikinta a jihar Alabama, a 2005, kan tsofaffi 50 da ba sa iya fita daga gida. Sun gano cewa idan akwai wani a wurin lokacin ci, dattijo kan ƙara kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 114 a kowane zama. Kasancewar wani yana zaune a gidan kawai, ba ya wurin cin, bai ƙara komai ba. A lissafa sau uku a rana, ya haura kalori 340, wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da mai kilo 60 yake buƙata a wuni.

Daga Japan, inda tsofaffi suka yi yawa har aka daɗe ana bin diddigin rayuwarsu, Yukako Tani da abokan aikinta sun bi mutum sama da 37,000 masu shekara 65 zuwa sama na tsawon shekara uku. Mazan da ke zaune su kaɗai kuma suke ci su kaɗai sun fi waɗanda ke samun abokin ci faɗawa ciwon damuwa fiye da ninki biyu. A wani rahoton da suka fitar daga baya, mazan da ke zaune cikin iyali amma suke cin abinci su kaɗai sun fi masu ci tare fuskantar mutuwa a shekarun da aka bi su. Irin wannan binciken alaƙa yake nunawa, kuma rashin lafiya kansa na iya sa mutum ya janye daga mutane. Duk da haka saƙon ya zo ɗaya da na Alabama: wanda ya zauna kusa da kwano shi ne ke kawo bambanci, yawan mutanen gida ba ya ciyar da kowa.

Ba kowa ne ke ramewa ba. Wasu sikeli ba ya nuna komai, wasu ma ƙiba suke yi, saboda mai ci shi kaɗai yakan koma ga abin da ba ya buƙatar wuƙa ko tukunya: burodi, biskit, abin sha mai zaƙi. Nama da kifi da ganye su ne na farkon ɓacewa, tunda ba wanda ke son ya yi dogon girki don baki ɗaya. Binciken da aka yi a yankin Norfolk na Ingila ya nuna cewa waɗanda ba su da abokin zama, musamman maza, sun fi cin kayan lambu marasa iri-iri. Sakamakon shi ne tumbi na ƙaruwa, cinya na zubewa, mutum ya kasa tashi daga kujera sai ya dafa.

Awo kafin shawara

Ido ba mudu ba ne, ya dai san ƙima, amma a nan ƙima ba ta isa ba. A samu sikeli ɗaya, a riƙa auna dattijon sau ɗaya a mako, da safe, bayan ya yi fitsari, da kaya marasa nauyi, a rubuta. Raguwar da ta haura kashi 5 cikin 100 a wata shida ba tare da niyya ba alama ce ta ganin likita: ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan. A auna kuma kaurin sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, da tef irin na tela a inda ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 yana nuna tsoka ta zube. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ruwa zai ɓoye ramarsa a sikeli da tef duka, don haka a dubi gefen goshi da ƙashin wuya da naman tsakanin babban yatsa da manuni.

Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ta ba da ma'auni ga tsofaffi a 2019: kimanin kalori 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, furotin (sinadarin gina jiki) aƙalla giram 1 ga kowane kilo, abin sha kuma lita 1.6 ga mace, lita 2 ga namiji. Mai kilo 60 na neman kalori 1,800 da furotin giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, kofin madara giram 8, kofin dafaffen wake wajen giram 15, kifi ko nama dafaffe mai girman tafin hannu giram 20 zuwa 25. A zauna a lissafa abin da dattijon ya ci jiya da waɗannan alƙaluma. Mai shayi da burodi sau biyu da ɗan abincin rana da wuya ya kai rabi. Mai ciwon ƙoda mai tsanani da mai ciwon zuciya da aka ƙayyade wa ruwa, nasu ma'aunin likitansu ne zai faɗa.

Kafin a ɗora laifi kan kaɗaici, a leƙa baki. Haƙori mai ciwo, dasashi mai gyambo, haƙoran roba da suka yi yawa, bushewar baki da magunguna da dama ke jawowa, duk suna hana ci ko da gida cike yake da mutane. Tari ko ƙwarewa yayin ci, ko murya ta koma kamar da ruwa a maƙoshi bayan an sha abu, alamar matsalar haɗiya ce. A kai wa likita ko mai harhaɗa magani jerin duk abin da yake sha, domin wasu, irin su metfomin na ciwon suga, suna rage sha'awar abinci. Rama tare da jini a bayan gida, ko tarin da ya ƙi ƙarewa, ko zufar dare, ko abinci yana tsayawa a ƙirji, ba maganar abokin ci ba ce, ta asibiti ce.

A bar shi yana girkinsa, a gyara masa hanya

Wannan ce hanya mafi arha, kuma ita ta fi kare mutuncin dattijo. Ta dace da wanda nauyinsa bai motsa ba, hankalinsa garau, ƙafarsa na kai shi kasuwa, kuma shi da kansa yake son shirunsa. Akwai irin waɗannan mutane da yawa, kuma kuskure ne a mayar da kowane mai ci shi kaɗai majinyaci. Wanda ya zaɓi kaɗaicinsa daban, wanda kaɗaici ya faɗo wa bayan mutuwar mata ko miji daban.

Gyaran da ake yi shi ne a rage wahalar girki a kuma ƙara ƙarfin kowace loma. A dafa da yawa sau biyu a mako, a raba a ƙananan robobi na ci ɗaya, a rubuta kwanan wata, a daskarar da abin da zai wuce kwana biyu. Ga mai ƙaramin ci, ƙananan abinci sau biyar ko shida sun fi manya uku shiga. Cokalin mai babba ɗaya a cikin miya yana ƙara kalori kusan 120 ba tare da kwano ya ƙara cika ba, cokali huɗu na madarar gari a rabin lita na madara kuma yana ƙara furotin sosai. A sa kujera a kicin don ya yi yanka a zaune.

Inda hanyar take rushewa shi ne a hankali take rushewa, ba wanda ke gani. Dattijon da matarsa ta yi masa girki shekara hamsin ba zai koyi tukunya a watan makoki ba. Dattijuwar da ta saba dafa wa mutum takwas takan ce girkin mutum ɗaya bai cancanci kunna wuta ba. Mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin rage suga, idan ya sha magani ya tsallake abinci, suga na iya faɗuwa ya suma babu kowa kusa. Wanda ya fara mantuwa kuwa, tukunya a kan wuta haɗari ce. In za a bi wannan hanya, awon mako-mako wajibi ne.

Aika dafaffen abinci

Ita ce hanyar da 'ya'ya masu aiki suka fi so, domin tana kwantar musu da hankali kuma ana iya biya daga nesa. Tsarin kai wa tsofaffi dafaffen abinci gida da ake kira Meals on Wheels ya faro a Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu, ya isa birnin Filadelfiya na Amurka a 1954. Tana maganin matsala ɗaya sarai: wanda yake jin yunwa amma ba ya iya sayayya ko tsayuwa a gaban murhu, kamar mai ciwon gaɓoɓi, ko wanda aka sallamo daga asibiti, ko mai raunin gani.

Amma isar abinci ƙofar gida ba shi ne shigarsa ciki ba. Abin da ake yawan tararwa shi ne an raba abincin rana gida biyu ya zama na rana da na dare, ko an ci shinkafar an bar naman saboda tauri, ko an ajiye don wani baƙo da ake sa ran zuwansa. Ga kuma haɗarin ruɓa: hancin da ya dushe ba ya jin abinci ya juya, cikin tsoho kuma ba ya jure abin da na yaro zai jure. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, firji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa, a ɗumama sau ɗaya tak har sai tururi na tashi daga tsakiya.

A cikin aikawar ma akwai zaɓi biyu da suka bambanta ƙwarai. A 2015 Kali Thomas ta Jami'ar Brown ta kwatanta tsofaffi 626 na tsawon mako 15: wasu ana kai musu abinci kullum hannu da hannu, wasu daskararre sau ɗaya a mako, wasu kuma ba a fara kai musu ba, suna jiran layi. Waɗanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa kullum sun fi ba da rahoton raguwar kaɗaici. Daskararren na mako ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma dace da mai ƙarfin jiki da ke da mutane. Ga wanda ba ya ganin kowa, fuskar mai kawowa rabin abincin ce, kuma shi ne zai fara lura idan ba a buɗe ƙofa ba. Idan za a iya roƙon mai kawowa ya buɗe murfin, ya zuba a faranti, ya tsaya minti biyar har a fara ci, an ci riba biyu da kuɗi ɗaya.

Wani ya zo ya zauna a ci tare

A ganinmu wannan ce hanyar da ta fi ba da sakamako idan aka kwatanta da abin da take ci, kuma ita aka fi rainawa saboda ba ta kama da magani. Ba sai sau uku a rana ba. Zama ɗaya a kullum, a kan babban abincin wuni, ya isa ya canza lissafi, kuma ya fi kyau ya kasance da rana, lokacin da yawancin tsofaffi suka fi kuzari da sha'awar ci. A tara furotin ɗin wuni a wannan zaman gwargwadon iko, giram 25 zuwa 30. Idan 'ya'ya da jikoki da maƙwabta suka raba kwanakin mako a rubuce, kowa ya san ranarsa, nauyin ba ya karya kowa. Ziyarar da ake yi tsakanin abinci da abinci, a mayar da ita lokacin ci; tafiyar ɗaya ce, amfanin ya ninka.

Yadda ake zaman shi ne komai. Mai zuwa ya zauna, fuska da fuska, shi ma da nasa farantin ko da ɗan kaɗan ne. Wanda ya tsaya a kai yana cewa “Baba, ƙara mana, ba ka ci komai ba” ya mayar da abinci jarrabawa, kuma dattijo mai zuciya zai ture kwanon don ya nuna har yanzu shi ke da iko da bakinsa. A zuba kaɗan, a ƙara idan ya ƙare, domin tulin abinci yana kashe wa mai ƙaramin ci gwiwa tun kafin ya fara. A ba zaman minti talatin zuwa arba'in. A tabbatar tabarau da na'urar ji da haƙora suna jikinsa. Ya zauna a miƙe, ƙafa a ƙasa, kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Ruwa mai yawa ya biyo bayan ci, kada ya riga shi cika ciki. Kada a ba mutum a baki matuƙar hannunsa na iya kaiwa, ko da yana zubarwa. Cokali mai kaurin mariƙi da faranti mai baki sun fi hannun wani.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito daga Holan. A gwajin da Kristel Nijs da abokan aikinta suka wallafa a 2006, an raba mutum 178 mazauna gidajen kula da tsofaffi gida biyu na wata shida. Wasu aka ci gaba da miƙa musu tire da aka riga aka zuba, wasu aka shimfiɗa musu tebur kamar na gida, abinci a tsakiya, kowa ya zaɓa, ma'aikaci na zaune tare da su. Na rukunin tire sun rasa wajen kilo ɗaya, na tebur sun riƙe nauyinsu da ƙarfin jikinsu da jin daɗin rayuwarsu. Girkin bai canza ba, zaman ne ya canza.

Mai kula na haya zai iya yin wannan aikin, da sharaɗi biyu. Na farko, ya zama mutum ɗaya ne ke zuwa, domin sai baƙunta ta gushe hannu yake sakewa, kuma hakan na ɗaukar makonni. Na biyu, a rubuta cikin aikinsa cewa zai zauna ya ci tare. In ba haka ba zai ajiye abinci ya tafi wanke-wanke da shara, ya dawo ya ɗauke kwano, dattijon kuma ya ci shi kaɗai kamar jiya, sai dai yanzu ana biya. Rauninta a fili yake: tana cin lokacin mutane, kuma idan ta dogara ga 'ya ɗaya tilo, ranar da ta gaji ko ta kwanta ciwo komai ya tsaya.

Fita cin abinci cikin tsara

A ƙasashe da dama akwai cibiyoyi da ƙungiyoyin sa-kai da ke haɗa tsofaffi cin abincin rana. A Amurka tsarin yana cikin doka tun 1972, ga masu shekara 60 zuwa sama, kuma ana so kowane abinci ya ɗauke kashi ɗaya cikin uku na buƙatar wuni. Inda babu irin wannan, abokai uku ko huɗu da ke karɓa-karɓa a gidajen juna suna yin aiki iri ɗaya. Fa'idar da babu ita a sauran hanyoyin ita ce mutum zai yi wanka, ya sa kaya, ya taka, ya yi hira da waɗanda suka san zamaninsa, motsin kuma yana buɗe ciki ya riƙe tsoka. Sai dai kwana biyu ko uku ne a mako, kuma waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi ƙin zuwa: mai rawar hannu, mai yoyon fitsari, mai nauyin ji da hayaniya ke rikitawa. Zuwan farko da na biyu a raka shi.

A ɗauko shi ya dawo cikin iyali

Ita ce mafi girman shawara, mafi wuyar warwarewa, kuma wadda aka fi zaton ta gama magana. Akwai lokacin da babu makawa: mantuwa ta kai ya manta ya ci ko bai ci ba, ko yana yawan faɗuwa, ko yana ƙwarewa har ana tsoron barinsa da abinci shi kaɗai. A irin wannan hali ido na dare da rana ake nema, kuma babu aike ko ziyara da za su maye gurbinsa.

Idan kuwa matsalar cin abinci ce kawai, a tuna da mazan Japan. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, saboda girmamawa ko saboda sauri, ana kai wa dattijo tirensa ɗaki. Mutanen gida sun fita tun safe, abincin dare sai ƙarfe tara lokacin da barci ya ɗauke shi, girkin an yi shi don haƙoran matasa. Yana jin dariya daga falo, shi yana kallon bango. Wannan kaɗaicin ya fi na gidansa ciwo, domin can aƙalla yana da maƙwabcin da suka saba, da kicin ɗin da ya san inda komai yake, da ikon cewa yau ga abin da zan ci. Dattijuwar da aka karɓe wa ludayi ta rasa aikin da ke tsara mata wuni. Mai ciwon mantuwa kuma sauyin wuri kan ƙara rikita shi na wani lokaci.

Wanda zai ɗauko mahaifinsa ya fara amsa wannan tambayar da sunan mutum da lokaci: wa zai zauna da shi a abincin rana ranar Talata? In babu amsa, ƙaurar ba ta magance abin da aka yi ta dominsa ba. In akwai, a matso da abincin dare ya zama da wuri, a ware masa nasa kason a ƙara dafa shi ya yi laushi, a rage ƙarar talabijin, a bar masa wani aiki a girkin ko da tsinke ganye ne. Ga mai mantuwa mai nisa, faranti mai launin da ya bambanta da abincin yana taimakawa: wani ƙaramin gwaji a Boston a 2004 ya samu ƙarin ci na kusan kashi 25 cikin 100 da aka sauya fararen faranti da jajaye.

Waya, da abin sha na gwangwani

Kiran bidiyo a lokacin ci, kowa da farantinsa a gabansa, ya fi babu nesa ba kusa ba, musamman don tsayar da lokaci: idan an san ƙarfe ɗaya jika zai kira, za a ɗumama abinci kafin ƙarfe ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Nagoya sun nuna a 2017 cewa ko madubi aka ajiye a gaban tsoho yana ci, yakan ji abincin ya fi daɗi ya kuma ƙara ci. Waya dai ba ta yanka nama, ba ta ganin abin da aka zubar a shara, ba ta bubbuga bayan wanda ya ƙware.

Abin sha mai ƙarin kalori da furotin da likitoci ke rubutawa yana da wurinsa ga wanda ya riga ya rame. Ma'aunin Turai ya ce ya ba da aƙalla kalori 400 da furotin giram 30 a rana, a ci gaba na aƙalla wata guda, a sha tsakanin abinci don kada ya kashe cin na gaske. Magungunan buɗe ciki da ake saya ba tare da likita ba kuwa a guje su: wasu suna sa barci da jiri har a faɗi a karya ƙugu, wasu suna kumbura jiki da ruwa su tayar da suga, a ga kamar ƙiba alhali tsoka na ci gaba da narkewa.

A aikace, yawancin iyalai haɗawa suke yi, kuma haɗin da ya fi tsayawa shi ne wanda aka gina a kan dalili. Wanda hannu ko ƙafa suka hana shi girki amma cikinsa na nema, aike na kullum ya ishe shi. Wanda abinci ke gabansa amma ya ce ba ya jin ci, musamman a shekarar farko bayan rasuwar abokin zama, aike ba zai yi masa komai ba sai an haɗa da mai zama, a kuma duba shi ko ciwon damuwa ne, domin yana da magani. Wanda mantuwa ko ƙwarewa ta kama, sai inda ido ke kansa.

Duk wadda aka zaɓa, a ba ta mako huɗu a gwada ta da sikeli ɗaya da littafi ɗaya. A rubuta nauyi duk mako, a rubuta kuma ko an cinye faranti duka, ko rabi, ko kwata, da sunan wanda ya zauna a wurin. Idan nauyi ya tsaya ko ya fara hawa, a ci gaba. Idan ya ƙara sauka da kilo ɗaya duk da ana zama da shi kuma farantin na ƙarewa, a ɗauki littafin a tafi da shi wurin likita a makon.